Rana Ba Ta Karanta Takardar Ofis: Aiki Da Wasa A Shekarar Mahuta

Ranar wata Alhamis cikin watan Maris aka gayyace ni wata makarantar firamare ta wajen Mahuta, kudu da kogin Kaduna, kallon wasannin shekara na yara. A takardar gayya an rubuta za a fara da ƙarfe goma na safe. Na isa goma saura kwata, na tarar an riga an jera yara a fili gida-gida, ja da kore da shuɗi da rawaya, kowa ya sha sabuwar riga. Mu manya aka zaunar da mu cikin rumfa, aka ajiye mana ruwan sanyi. Babban baƙo bai iso ba sai da sha biyu ta gota. Aka yi addu'a, aka yi jawabin maraba, shugaban iyaye ya yi nasa, aka sake maci domin baƙo bai ga na fari ba. Ba a busa usur na tseren farko ba sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi.

A tseren zagaya fili sau huɗu akwai wata yarinya 'yar aji biyar wadda ke gaba tun daga farko. Ta zo kwanar ƙarshe ke nan sai muka ga tana tangaɗi, ta faɗi rub da ciki. Da aka ɗauko ta jikinta ya yi zafi rau, ba ta san inda take ba. Allah ya taimake mu da wata malama wadda ta san abin yi. Ta sa aka kai ta inuwa, aka sassauta mata riga, aka yi ta kwara mata ruwan nan da aka ajiye wa manyan baƙi ana yi mata fifita, sa'an nan aka sa ta a mota zuwa asibiti. Ta kwana biyu ta warke.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin ni ne na sa hannu a takardar da ta amince da wannan rana. Takarda ta zo ofis, akawu ya buga mata hatimi ya kawo mini, na duba na ga ba ta ci karo da jarrabawa ba, na sa hannu. Ban tsaya na tambayi kaina wane irin wata ne Maris a Kaduna ba, ni da aka haifa a ƙasar nan, na kuma yi shekaru ina koya wa ɗalibai malamai labarin ƙasa.

Da na koma aiki sai na shiga tambayar hedimastoci ɗaya bayan ɗaya, me ya sa kusan kowace makaranta ke ajiye wasanninta a zango na biyu, tsakanin ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Maris? Wani ya ce haka ya tarar. Wani ya ce zangon farko na karɓar sababbin yara ne, na uku kuma na jarrabawa da ruwan sama, saboda haka na tsakiya ne ya rage. Wani kuwa, mai faɗin gaskiya, ya ce sai a lokacin ne kuɗin rigunan wasa ke gama fitowa daga hannun iyaye. Duk hujjojin ofis ne. Babu wanda ya ambaci rana, ko iska, ko ƙasar da yaran za su taka, wasunsu ma ba takalmi.

Saboda haka nake so yau mu zaga shekara tare, ni da ku malamai da akawuna, mu ga yadda mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashin rana suke raba ta. Mahuta na ɗauka don ita na sani. Tana cikin ƙaramar hukumar Chikun, a kan hanyar da ta fita daga Sabon Tasha ta nufi Kachiya, dab da matatar mai wadda aka buɗe a 1980. Ƙasar Gbagyi ce tun kafin Gwamna Lugga ya taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Yanzu gari ya cim mata, Bajju da Atyap da Adara da Hausawa da Ibo da Yarabawa duk sun yi gida. Amma har yanzu ƙafarta ɗaya a birni take, ɗaya a gona. Wanda ya ɗauke ka a babur da safe, ka bincika, ka ji yana da kunyoyin doya a bayan gari.

BAZARA

Mu fara da bazara, tun da ita ce ta jawo maganar. Daga ƙarshen Fabrairu hazo yakan janye, rana ta sami hanya. Cikin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan kai digiri 35 a inuwa, wata rana ya doshi 40, balle a tsakiyar fili inda babu ko ciyawa. Kaduna tana digiri goma da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka wajen tsakiyar Afrilu rana takan tsaya daidai bisa kanmu. Malamin da ke son ya nuna wa yara wannan, ya kafa sanda miƙe a fili cikin wannan mako, ya fito da su da ƙarfe sha biyu da rabi, za su ga sanda ta kusa rasa inuwa. Zafin ƙasa kuwa ba ya kai ƙarshensa sai wajen ƙarfe biyu zuwa uku, watau daidai sa'ad da muka sa yaran nan gudu.

To, dubi masu aiki. Manomi yana sassabe, amma tun da asuba ya fita, kafin hantsi ya yi zafi ya dawo. Masu buga bulo sukan fara tun ana kiran salla, su kwaɓa siminti su jera abin da za su jera, rana na take tsaka ka same su kwance ƙarƙashin mangwaro. Mai haƙar rijiya ya fi son wannan lokaci, gama ya san ruwan ƙasa ya yi nisa iyakar nisansa, rijiyar da ta ba da ruwa cikin Afrilu ba za ta ba shi kunya cikin Disamba ba. Shi ma ba ya shiga rami da azahar. Yara kuma, in an bar su da hankalinsu, wasanninsu na bazara na zaune ne: dara a inuwa, carafke a zaure, jifan mangwaro in an ga mai itace ba ya nan. Ban taɓa jin garin da aka buga gangar kokawa da tsakar ranar bazara ba.

DAMINA

Sai shamuwa ta bayyana, hadari ya fara haɗowa daga gabas, a sami ruwan fari cikin Afrilu, ya zauna sosai cikin Mayu. Kaduna takan sami ruwa kimanin milimita 1,200 a shekara, watau inci 47 a awon da, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. Daga nan babu sauran zancen wasa ga manya. Shuka, noman firi, maimai, zuba taki, kowane da kwanakinsa, wanda ya makara mako guda ya ga sakamako a rumbu. Wasan da kakanninmu suka sani na damina shi ne gayya: samari su jeru a gindin kunya, makaɗi na zuga su, 'yan mata na kallo, a ga wanda zai riga kai bakin gona. Tsere ne sosai, sai dai in an gama shi akwai abin da ya ƙaru a gona ban da gajiya.

Babban hutun makaranta yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, cikin marka, kuma wannan kam ya yi daidai, domin lokacin ne gida ke bukatar hannu. Amma akwai abin da ke damuna a nan. Fili ya jiƙe, ciyawa ta kai gwiwa, tamaula ba ta gudu, saboda haka yara sukan koma ruwa. Rafin Romi ya kawo, kududdufai sun cika, ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini sun zama tafki mai zurfin da ba wanda ya auna. Kogin Kaduna kansa, wanda ya yi ambaliya mai tsanani a 2003 da 2012, ba abokin wasa ba ne cikin Agusta. Kowace damina sai an ji labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba. Muna koya musu tsallen buhu da gudu da ƙwai a cokali, amma iyo, wanda shi ne zai ceci ransu, ban san makarantar firamare ta gwamnati ko ɗaya a yankina da ke koyar da shi ba. Ko gargaɗi na minti goma ranar ba da hutu, da yawa ba sa yi.

KAKA

Ga lokacin da ƙasar nan ta keɓe don wasa. Ruwa yakan ɗauke cikin Oktoba. Masara ta shiga gida, sabuwar doya ta daɗe a kasuwa, dawa na jiran Nuwamba da Disamba. Ciki ya cika, jiki ya yi ƙarfi da noman wata biyar, aljihu ya ɗan yi nauyi, ƙasa ta tsane amma ba ta riga ta zama dutse ba, dare kuma ya fara sanyi. Wanda ya girma a ƙauye ya san abin da ke biyo baya. Da farin wata 'yan mata su fito gaɗa a dandali, yara maza su kama langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya har ruwa ya sha. Samari su ɗaura warki, a share fage, a buga ganga, gari ya tafi wa gari kokawa. Mahauta su naɗe hannu da zare su bi garuruwa dambe, domin lokacin ne manomi ke da abin yanka da abin kari. A irin waɗannan fagage ne Shago ya yi suna, Ɗan Anace ya yi masa waƙa. Fulani ma a wannan tsakanin suke shaɗi, sa'ad da shanu suka sauko cin kara.

Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, babu sarkin da ya yi shela ya ce sai da kaka za a yi kokawa. Mutane ne suka gwada shekara da shekaru suka ga inda jiki ke ɗauka. Na biyu, ko a cikin kakar ma ba a fara wasa sai bayan la'asar, ko kuwa da dare. Yau akwai gidajen dambe a birane inda ake yi rani da damina don kuɗin ƙofa, amma je ka da azahar ka gani, ba za ka tarar da kowa ba sai mai shara.

Manyan wasanni na hukuma ma wannan sawu suka bi. A Jamhuriyar Nijar, gasar kokawa ta ƙasa wadda ake ba zakaranta takobi, an fara ta a Tawa a 1975, kuma a 'yan shekarun nan cikin sanyin Disamba ake yinta, kamar wadda aka yi a Agadas a 2023. A nan Kaduna, masu ƙwallon dawaki, waɗanda ke takarar kofin nan mai suna Georgian tun 1919, sukan jira ruwa ya ɗauke kafin su yi babban taronsu, don mai doki ya san darajar dokinsa. Hawan daban da aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956 a farkon Fabrairu aka yi shi, hunturu bai gama wucewa ba. Ashe abin da aka yi wa doki tanadinsa, mu ba mu yi wa ɗan shekara goma ba.

Bayan kaka sai ɗari. Iska ta juyo daga arewa maso gabas da ƙurar hamada, da asuba ma'auni ya sauka wajen digiri 15, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Wannan shi ne lokacin gini da yaɓe da jinka. 'Yan ci-rani su sauko daga Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram, wasu dako, wasu ga-ruwa, wasu yankan farce. Kogi ya ja baya, masu lambu su bi gaɓa da tumatir da alayyafo da kabeji, masu ɗibar yashi su cika kwalekwale su juye wa tifa. Samari su fita farauta da karnuka bayan an ƙone daji, in ruwa ya ƙara janyewa a yi su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ba don kome ake yinsa a ƙarshen rani ba sai don lokacin ne ruwa ke barin mutum ya shiga da koma da gora.

To, ina muka ɓata hanya? A ganina tun ran da aikin agogo ya shigo. Masaƙar Kakuri ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo ta, jiniya ta zama ita ke tashin mutum ta kwantar da shi, ba ruwanta da marka ko bazara, gama injin yana cikin ɗaki. Ofis ma haka yake. Yawancin masaƙun nan sun rufe bayan shekarar 2000, amma halin da suka koya mana na ɗaukar kowace rana daidai da 'yar'uwarta yana nan. Kada kuwa a ɗora wa Turawan da suka kawo makaranta laifin duka. A makarantun kwana na da, tun daga Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938 sa'an nan Zariya a 1949, da yamma ake wasa, bayan an huta. A can Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware da ƙwallon nan da ake bugawa da hannu a jikin bango. A kwalejin horon malamai inda na yi karatu ma, ƙararrawar wasa ba ta kaɗawa sai ƙarfe huɗu da rabi. Da makarantun je-ka-ka-dawo suka yi yawa, ana tashi da azahar, sai yammar ta ɓace, aka cusa wasa cikin sa'o'in da suka rage, watau mafi zafinsu.

GARIN DA RANA TA YI WA DOKA

Tafiya mabuɗin ilmi. Bari in kai ku wani gari inda ba a iya yin irin gangancinmu, garin da kuma akwai 'yan'uwanmu Hausawa a cikinsa. A bakin Bahar Maliya, ƙasar Sudan, akwai Bur Sudan, wanda Turawa ke kira Port Sudan. Ingilishi suka fara gina shi a 1905 don ya maye gurbin tsohuwar tashar Sawakin, wadda manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga da sauƙi. Ta waɗannan tashoshi biyu alhazan ƙafa daga ƙasar Hausa suka riƙa haye teku zuwa Jidda, bayan sun yi shekaru a hanya suna noma da dako don neman guzuri. Da yawa ba su dawo ba, kamar yadda jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu na nan a garuruwan Sudan, har da Bur Sudan.

Gari ne mai teku a gaba, duwatsu da hamada a baya. Ruwan da yake samu a shekara bai kai milimita 100 ba, watau abin da Kaduna kan samu a mako guda na Agusta in marka ta yi marka. Abin mamaki kuma, ɗan ruwan nan ba ya zuwa sai wajen Nuwamba, lokacin da mu muke girbi. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa zafi yakan wuce digiri 40, ga laimar teku a cikin iska, gumi ya tsatso ya ƙi bushewa. Wani dattijo da ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen can ya ba ni labari cewa a waɗannan watanni gari biyu ne a wuri ɗaya, na rana da na dare. Da rana titi fayau, kantuna a rufe, masunta sun riga sun dawo tun da hantsi. Bayan magariba sai kowa ya fito bakin teku, masu shayi da gahawa su jera kujeru, samari su kama tamaula a hasken fitila. Mai hali kuwa yakan kwashe iyalinsa ya hau duwatsu, Sinkat ko Arkawit, inda Turawan mulki ma suke gudun zafi a zamaninsu. In sanyi ya shigo gari ya farfaɗo, a yi bukukuwa, a cika filin ƙwallo. Kada a ce zafi ya hana su wasa: ƙungiyarsu Hilal al-Sahil ta ci gasar ƙasar Sudan a 1992. Abin da suka yi shi ne sun san watan da za su yi gudu da watan da za su zauna. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023, gwamnati da dubban 'yan gudun hijira suka kwarara garin, baƙin da ba su san wannan doka ba suna cikin waɗanda zafi ya fi wahalarwa.

Masu kuɗin duniya ma sun gwada yi wa rana taurin kai sun sha ƙasa. A Doha, babban birnin Katar, wanda shi ma garin hamada ne a bakin teku, an yi gasar guje-guje ta duniya a ƙarshen Satumba 2019. Don gudun zafi aka sa tseren yada-ƙanin-wani na mata da tsakar dare. Duk da haka, cikin mata 68 da suka tashi, 40 kaɗai suka kai ƙarshe, kuma waɗannan gwanayen duniya ne masu likita a gefe. Gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, wadda aka saba yi cikin Yuni da Yuli, da ta zo Katar a 2022 dole aka mai da ita 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba. A 2021, bayan an daɗe ana kuka kan halin da leburori baƙi ke ciki, ƙasar ta hana aiki a sarari daga ƙarfe goma na safe zuwa uku da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Saudiyya ma tana da irin wannan doka, daga sha biyu zuwa uku. In duniya duka ta iya ɗage gasarta wata biyar saboda rana, ina wuyar ɗage wasan makarantar firamare?

ABIN DA KE FARUWA A JIKIN YARO

Wani zai ce ai Mahuta ba Bur Sudan ba ce. Gaskiya ne, kuma shi ya sa muke sakaci. Amma jiki ɗaya ne. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, in yana gudu naman jikinsa na ƙara hura wuta, hanyar da yake da ita ta sanyaya kansa kuwa ita ce gumi ya fito iska ta shanye shi. In babu ruwa a ciki, gumi ya ƙare. In iska ta yi laima, kamar yadda takan yi a nan cikin Afrilu sa'ad da iskar kudu ta fara shigowa ruwa bai sauka ba tukuna, gumi ya fito amma ba ya bushewa. Ko ta wace hanya zafi ya taru, in ya haura 40 ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum na iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Yaro ya fi babba haɗari don ba ya cewa ya gaji in ana yi masa tafi, ba ya kuma neman ruwa sai ƙishirwa ta ci ƙarfinsa. Alamun su ne ciwon kai, jiri, amai, tangaɗi, da magana ba kan gado. Maganin farko shi ne abin da malamar nan ta yi: inuwa, ruwa a jiki da yawa, fifita, a ba shi ya sha in yana cikin hayyacinsa, a kai shi asibiti ba tare da jiran izinin kowa ba.

A haɗa da wannan cewa bazarar yanzu ta fi ta iyayenmu zafi. Ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma zafin wannan shekara mu ma mun ɗanɗana shi. A haɗa kuma da azumi. Watan Ramadan ya taɓa Maris a 2023 da 2024 da 2025, azumin Kirista na kwana arba'in kafin Ista kuwa kowace shekara sai ya ratsa Maris. A gari irin Mahuta, inda aji ɗaya ke ɗauke da 'ya'yan masallaci da na coci, ba a rasa manyan yara da malamai masu azumi a fili.

Shawarata ita ce a mai da wasannin shekara zangon farko, daga tsakiyar Nuwamba zuwa makon farko na Disamba, a fara da ƙarfe takwas a gama kafin sha ɗaya. Na san abin da za a ce. Za a ce tsakar ranar Nuwamba ma da zafi. Haka ne, takan wuce digiri 30, amma safiyarta da sanyi, iskarta busasshiya ce mai shan gumi, shi ya sa na haɗa wata da sa'a, ɗaya ba ya isa ba ɗaya. Za a ce me zai hana a bari sai Janairu, da ya fi sanyi? Ƙura ce ta hana. Hazo in ya yi kauri yana tayar wa masu asma da ciwonsu, yaro mai gudu kuwa ya fi mai zaune shaƙarsa nesa ba kusa ba. Za a ce jarrabawar ƙarshen zango na tafe. To, a yi wasa mako biyu kafin ta. Za a ce kuɗin riguna bai shigo ba. Wannan kam ba ni da amsar da ta wuce in ce yara sun yi shekaru aru-aru suna langa ba rigar gida, ƙyalle mai launi a damtse ya isa.

Ku kuma akawuna, kada ku ce wannan zancen malamai ne. Takardar neman izini a teburinku take fara sauka, ku ne kuma ke rubuta wa babban baƙo wasiƙa. In kun ga Maris a kanta, ku ja layi da jan alƙalami kafin ku kai wa maigida, don mai yiwuwa shi ma, kamar ni, jarrabawa kaɗai zai duba. A wasiƙar baƙo kuma a rubuta masa a fili cewa za a fara tsere a kan lokaci ko ya zo ko bai zo ba, aikinsa raba kyauta ne a ƙarshe. Sa'an nan a sa ido kan filayen kansu. Daniel Amokachi, wanda ya buga wa Nijeriya ƙwallo a gasar duniya ta 1994, a filayen Kaduna ya tashi. Yau a gefen Mahuta duk inda yara suka share suka kafa duwatsu biyu, kafin shekara ta zagayo sai ka ga an sauke bulo. Makarantar da ke da fili ta dasa itatuwa a gefensa, darbejiya ko mangwaro, cikin Yuni ko Yuli sa'ad da ƙasa ke karɓa, domin 'yan kallo ƙanana su sami inda za su fake.

Makarantar da na fara ba ku labarinta ita ce ta fara gwadawa, cikin wannan shekarar, ranar Alhamis ta ƙarshe ta Nuwamba. Hedimasta ya yi ta fargaba iyaye ba za su zo da sassafe ba, sai ga shi sun fi na da yawa, domin masu kasuwa sun ga za su gani su kuma koma rumfunansu. Aka jera randuna huɗu cike da ruwa a kusurwoyin fili, gida-gida. Ƙarfe takwas aka busa usur, yara na rawar ɗari, sha ɗaya saura kwata aka ja igiya aka tashi. Babban baƙo ya iso sha biyu da 'yan mintoci, ya tarar ana kwance rumfa, ya raba kofuna a gindin mangwaro, bai kuwa yi fushi ba. Yarinyar nan, wadda ta shiga aji shida, ta sake shiga tseren zagaye huɗu. Ta zo ta biyu, ta wuce kai tsaye wajen randar gidansu ta ɗebi ruwa da moɗa.